Kafin DNA ta iso, mu tsare abin da ke hannunmu

Jama'a, makon jiya memorin wayata ya mutu. Na kai shi wurin mai gyara a cikin Jega, ya juya ya juya, ya ce: "Malam, wanga ya tahi, sai haƙuri." Ba hotunan ne suka dame ni ba. Muryar kakata ce a ciki, kusan awa biyu tana ba ni labarin zuriyarmu da yadda kakanninmu suka zo garin nan. Ta rasu bara. Yanzu babu ita, babu muryar.

Cikin wannan baƙin cikin na shiga karanta yadda duniya ke fama da matsalar ajiya. Filashi da memori da faifan kwamfuta duk suna lalacewa cikin 'yan shekaru, shi ya sa masana suka koma kan DNA, wato ƙwayar halittar da ke jikin ni da ku. Kwamfuta na rubutu da 0 da 1, ita kuma DNA da haruffa huɗu: A, C, G, T. Sai a juya wancan zuwa wannan, a haɗa ƙwayar a ɗakin gwaji, a adana.

Kuma an gwada an gani. A 2012 George Church na Jami'ar Harvard ya saka littafi guda cikin DNA. A 2016 Microsoft da Jami'ar Washington suka ajiye megabait 200. A 2017 Yaniv Erlich da Dina Zielinski suka nuna cewa giram 1 zai iya ɗaukar kimanin giga miliyan 215, wato abin da ya fi cikin waya miliyan 3 mai giga 64. Ga ƙarko: a 2021 an karanta DNA daga haƙoran wata tsohuwar giwa ta Sibiriya da ta haura shekara miliyan 1.

Amma fa kada mu yi saurin murna. A gwajin 2017, rubuta megabait 2 kacal ya ci wajen dala 7,000. A 2019 na'urar Microsoft ta kwashe awa 21 kafin ta rubuta kalma ɗaya mai harafi 5 ta karanto ta. To wa zai kawo mana wannan Maiyama gobe?

Ni dai a ganina, abin da ya fi cutar mu sakaci ne. Manomin albasa a Aliero ya san noma rabin aiki ne, in rumbu bai yi kyau ba, wahalar shekara ta ruɓe. Haka ilimi yake. Gidaje nawa ne a ƙasar Gwandu ke da littattafan kakanni, na Larabci da na ajami, a cikin gafaka ko akwati, gara na ci, damina na jiƙawa? Takardun gona nawa suka ɓace, 'yan'uwa suka ƙare a gaban alƙali? Mutanen Timbuktu sun kwashe dubban littattafansu zuwa Bamako a 2012 da 2013 don tsere wa yaƙi. Mu babu wanda ya kore mu, muna dai kallo suna lalacewa.

Wani zai ce ai akwai Google da Facebook. Akwai, amma layinka ya ɓace ko ka manta lambar sirri, shi ke nan. Kayan aro ba ya rufe katara.

Roƙona biyu ne. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero ta buɗe sashen da zai bi gida-gida, da yardar masu su, yana ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubuce da muryoyin dattawa. Mu kuma kowa ya ajiye abu mai muhimmanci a wuri uku: waya, intanet, da takarda ko filashi a gidan ɗan'uwa.

Ranar da DNA za ta yi araha, abin da muka tsirar kaɗai za ta ajiye mana. In kakarka na raye, je ka yau ka ɗauki muryarta, ka tura wa ƙannenka. Allah ya jiƙan magabatanmu.