Ra'ayinmu: Kuɗin Riga Shiga Jirgi

Duk wanda ya taɓa sayen tikiti daga kamfanonin jiragen saman nan masu araha na ƙasashen Turai ya san cewa farashin da aka fara nuna masa ba shi zai biya ba. Kafin ya gama sai an bi da shi ta ƙofofi da dama, kowace da nata kuɗin: na zaɓen kujera, na akwati, na inshora, sa'an nan na abin da suke kira fifiko, watau a bar mutum ya riga sauran fasinjoji shiga jirgi. Tun da yake 'yan'uwanmu ɗalibai da yawa suna shirin tafiya ƙaro ilmi, wasu kuma ma'aikatunsu za su tura su kwas, mun ga ya kamata mu tofa albarkacin bakinmu a kan wannan na ƙarshe.

Jirgi dai ba ya tashi sai na ƙarshe ya zauna an rufe ƙofa. Wanda ya riga shiga bai rage wa tafiyarsa ko minti ɗaya ba, sai dai ya ƙara wa kansa zaman takura, ana ta gogarsa da jakunkuna. A filayen da ake kwasar fasinja da bas zuwa gindin jirgi kuwa abin har ya kan ba da dariya, domin mai fifiko shi ne ke shigewa can ƙuryar motar, wanda ya zo daga baya kuma shi ke bakin ƙofa, shi zai fara sauka. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Lalle a da akwai dalilin rige-rige. Manyanmu suna ba da labarin zamanin Nigeria Airways, wanda ya durƙushe a 2003, yadda akan kwasa da gudu zuwa matakalar jirgi saboda masu tikiti sun fi kujeru yawa. A Turai ma akwai lokacin da kamfanoni masu araha ba sa ba kowa lambar kujera, inda ka samu nan za ka zauna. Amma easyJet ya bar wannan tsari a 2012, Ryanair ya bi sahu a 2014, har Southwest na Amurka, wanda ya shafe fiye da shekara 50 a kai, ya sanar a 2024 cewa zai daina. Kujerarka tana jiranka ko da kai ne na ƙarshe.

To, me ake sayarwa ke nan? Gurbin jaka ne a ma'ajiyar da ke saman kan fasinja. A 2008 American Airlines ya fara karɓar dala 15 a kan akwatin farko da za a saka a ƙasan jirgi, sauran kamfanoni suka kwaikwaya. Da jama'a suka ga haka sai kowa ya riƙa cusa kayansa cikin jakar hannu, ma'ajiyar ta kasa ɗauka, wanda ya makara sai a karɓe tasa a kai ƙasa. Kamfanonin da suka haddasa ƙarancin su ne kuma suka juyo suna sayar da maganinsa. A watan Nuwamba na 2018 Ryanair ya fito fili: wanda bai biya ba ƙaramar jaka ɗaya tak zai shiga da ita, wadda za ta shige ƙarƙashin kujera, mai fifiko kuwa an yarje masa ƙarin jaka mai nauyin kilo 10. A lokacin kamfanin ya ƙayyade masu fifiko 95 a jirgi mai kujeru 189. Rabin jirgi ke nan! Idan rabin unguwa masu sarauta ne, wa zai faɗi ya yi gaisuwa?

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a ɗauki wannan kuɗi a matsayin kuɗin kaya, a auna shi da ma'aunin kaya. In kana da jaka mai kilo 10, ka kwatanta farashin fifiko da na saka ta a ƙasan jirgi, ka ɗauki mai sauƙi. In kuma za ka canja jirgi cikin ƙurarren lokaci, ba ka da halin tsayawa jiran akwati, biyan yana da ma'ana. Fasfo da takardun shaidar karatu da magani da kwamfuta kuwa, ƙaramar jakar da ke gaban ƙafarka ita ce mazauninsu, kuma wannan kyauta ce. Tsofaffi da naƙasassu da masu goyo su tambaya tukuna, don kamfanoni da yawa suna shigar da su da wuri ba tare da ko kwabo ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne mai biya don kawai a gan shi ya wuce layi. Ɗalibin da ke lissafin alawus ɗinsa da ƙyar ya san kuɗin nan zai ciyar da shi yini guda a baƙuwar ƙasa. Ƙaramin ma'aikaci kuma da gwamnati ta ɗauki nauyin tafiyarsa, in har yana sha'awar riga kowa zama, ya ciro daga albashinsa, kada mu ga ya rubuta shi cikin takardar neman a mayar masa da kuɗin tafiya.