A Ƙidaya Mamatanmu

Jama'a, a watan Afrilu 2020 annobar korona ta shigo Kano, aka kulle kasuwanni, talaka ya zauna ba ciniki. Labarin yawan mutuwa daga bakin masu haƙa kabari ya fara fitowa. Sai watan Yuni Ministan Lafiya ya ce mutum 979 suka rasu, rabinsu ko fiye watakila korona ce. Watakila!

Ga Asibitin Malam Aminu Kano nan a Gyadi-Gyadi, amma talakan Tarauni sau da yawa a ɗakinsa yake cikawa, ba a rubuta ciwonsa ba.

Muna nema a ajiye littafin mamata a kowace unguwa, mai unguwa ya rubuta, malamin asibiti ya duba kowane mako. Makiyayin da ba ya ƙidaya garkensa, yaushe zai san kura ta shiga?