Asamaka da Lampedusa: yadda kafofin labarai ke zaɓen iyakar da za su kalla

A tsakiyar watan Satumban 2023, mutane kusan 8,500 suka sauka a tsibirin Lampedusa na Italiya cikin kwanaki uku. Kafin mako ya zagayo, shugabar Hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen ta isa tsibirin tare da Firaminista Giorgia Meloni, gidajen talabijin kuma suka yi sansani a bakin ruwa. A daidai wannan lokaci, gabashin Cadi ya riga ya karɓi ƴan gudun hijirar Sudan fiye da 400,000 cikin watanni biyar, da yawansu ta garin Adre, bayan kashe-kashen El Geneina. Labarinsu sai jefi-jefi yake samun gurbi a manyan kafofin duniya.

Nijar ta san irin wannan bambanci. Shekara da shekaru jami'an tsaron Aljeriya suna sauke baƙi ƴan Afirka a wani fili da ake kira "Point Zéro", su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga mutane sama da 26,000 da aka koro a 2023, sannan sama da 31,000 a 2024. Da a gaɓar Turai wannan adadi ya sauka, da an kira taron gaggawa. Amma waɗannan mutane kudu suka fuskanta, kuma a ma'aunin editocin Paris da Landan, wanda ya juya wa Turai baya ya fita daga labari.

Ko lokacin da Agadez ta yi tashe a jaridun waje, da wannan idon aka kalle ta. Bayan dokar watan Mayun 2015 da ta haramta safarar baƙi, ƴan jarida suka yi ta tururuwa zuwa birnin suna kiransa ƙofar Turai. Abin da aka cika tsallakewa shi ne, da yawa daga masu hawa motocin Hilux ranar Litinin ci-rani za su Libiya ko Aljeriya, kamar yadda iyayensu suka yi, su tara ɗan abin da ya samu su dawo gida. Mutane 92 da aka tsinci gawarwakinsu a arewacin Arlit cikin Oktoban 2013, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, Aljeriya suka nufa neman abin sawa a baki. Da Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar a Nuwamban 2023, tambayar da ta mamaye kanun labarai ita ce mutum nawa za su ƙaru a tekun Bahar Rum. Kaɗan ne suka tsaya kan yadda dokar ta tilasta wa direbobi kauce wa rijiyoyi da shingayen jami'ai, suna bin hanyoyin da idan mota ta mutu babu mai wucewa.

Sai batun kalmomi, inda son kai ya fi iya ɓuya. A Faransanci akwai "réfugié", akwai "migrant", akwai "clandestin", kuma kowace tana gaya wa mai sauraro ko ya ji tausayi ko ya ji tsoro. A watan Fabrairun 2022, ƴan Ukraine sun zama ƴan gudun hijira tun ranar farko. Wani ɗan jaridar BFMTV har ya bambanta su da ƴan Siriya da cewa Turawa ne masu tserewa a motoci irin nasu, shi kuwa wakilin CBS na Amurka sai da ya nemi afuwa bayan ya kwatanta Kyiv da Iraƙi da Afganistan ta fuskar wayewa. Ɗan Darfur da ya tsere wa yaƙi ya bi ta Libiya, sau da yawa sunansa "migrant" har ya nutse.

Kafofin Hausa ma ba su tsira ba. Kalmar "baƙin haure" ta zama ruwan dare a fassarar rahotannin kamfanonin dillancin labarai, alhali haure yana nufin tsallake katangar wani ba da izini ba. Ɗan Senegal ko ɗan Gini da ya iso Agadez a 2016 da takardunsa bai haura komai ba, domin yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba shi damar shiga Nijar ba tare da biza ba. An yanke masa hukunci a cikin kanun labari kan iyakar da bai ma kai ba tukuna.

Su kuwa dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka tsere wa ƴan bindiga zuwa jihar Maradi tun 2019, shirun da ya rufe su iri dabam ne. Wajen dangi suka zo, harshe ɗaya, aka ba su zaure da rumfa, daga baya aka mayar da wasu Garin Kaka da Cadakori. Babu jirgin ruwa, babu shingen waya, saboda haka babu hoton da zai sayu.

Akwai dalilan aiki da ba za a raina ba. Lampedusa tikitin jirgi ɗaya ce daga Roma, Asamaka kuwa kimanin kilomita 200 take daga Arlit, ga tsada ga buƙatar rakiyar soja. Dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, da BBC a Disamban 2024, ya ƙara rage masu kai labarin waje. Siyasar cikin gida ita ma tana juya kyamara: korar da Aljeriya ke yi ta fi samun fili a kafofin gwamnati cikin Afrilun 2025, bayan harbo jirgin Mali maras matuƙi a yankin Tinzawatan da janye jakadun ƙasashen AES daga birnin Aljas. Motocin sun daɗe suna zuwa kafin wannan saɓani, kuma lissafin waɗanda suke saukewa har yanzu yana hannun ƴan sa-kai da ke fita da babur mai ƙafa uku su kwaso waɗanda suka kasa ƙarasawa Asamaka.