Awon Rana Ɗaya Ba Ya Nuna Malami

Malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai, ina neman izini in faɗi ra'ayina game da yadda ake auna aikinmu sa'ad da aka tura mu koyon koyarwa. Kada wani ya ce ƙara na kawo, gama ni ma ina cikin masu laifi, kamar yadda za ku ji.

Kowa ya san al'adar. In lokaci ya yi sai a rarraba mu cikin makarantun ƙasar Gumel, waɗansu a cikin gari, waɗansu a Maigatari, waɗansu a Gagarawa ko Sule Tankarkar, mu yi makonni muna koyarwa. Sa'an nan wata rana malami mai duba aiki ya zo daga kwaleji, ya zauna a bayan aji da takardarsa, ya dubi littafin shirin darasi, da rubutun allo, da kayan koyarwa, da murya, da yadda aka riƙe aji. Kafin a kaɗa ƙararrawa ya ba da maki, ya nufi wata makaranta. Makin nan kuwa shi zai bi mutum har cikin takardar shaidarsa ta NCE.

To, ga abin da ya same ni. An tura ni wata makarantar furamare a ƙasar Sule Tankarkar, aka ba ni lissafi a aji huɗu. Da na sami labari mai dubawa zai zo ran Talata, sai na koyar da darasin rabawa tun ran Litinin, na maimaita shi har sau uku. Na zaɓi yara biyar masu kaifin basira na zaunar da su gaba, na kuma aro kwali mai zane wurin wani abokina. Ran Talata kome na tambaya sai hannuwa su tashi. Malam ya yaba, ya ba ni maki mai kyau, na kwana ina murna. Bayan kwana uku na ba ajin irin wannan lissafi, sai na tarar mafi yawansu ba su iya raba goma sha biyu gida uku ba. Akwai wata yarinya da ke zuwa daga ruga, Hausar ma ba ta gama zama a bakinta ba. A ranar dubawa ko kallon wajenta ban yi ba, don kada ta ɓata mini shiri. Har yau in na tuna da ita kunya takan kama ni.

Abokina kuwa da aka tura Maigatari, ran Alhamis aka zo duba shi, ranar kasuwa, yara da yawa sun tafi talla, sauran kuma hankalinsu yana can. Darasi ya yi sanyi, makinsa bai kai nawa ba. Alhali kuwa shi ne wanda ya kan tsaya bayan an tashi, yana koya wa marasa ƙarfi haɗa baƙi da wasali, har waɗansunsu suka fara karatu. A takarda na fi shi, amma ni da shi mun san wanda ya fi.

Ku dubi mai sayen sa a kasuwar nan ta Maigatari. Sheƙin fata ba ya ruɗinsa. Sai ya buɗe bakin sa ya dubi haƙora, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa, sa'an nan ya yi tayi. Ku tuna kuma da makarantar allo, inda yawancinmu muka fara. Malam ya kan danƙa wa gardi ƙananan almajirai, amma in yana so ya san aikin gardin, yaron yake kira ya ce ya biya allonsa. In ya biya daidai a ce ya wanke, gardi ya fita kunya. In ya kasa, gardin za a tuhuma. Ashe tun da can iyayenmu sun san a bakin almajiri ake auna mai koyarwa. Yaya mu da muke taƙama da sababbin dabaru za mu tsaya ga kallon malami, mu manta da yaron da aka taru dominsa?

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne. Masu dubawa kaɗan ne, mu kuwa muna da yawa, makarantu a warwatse, ga yashi da rani, ga taɓo da damina, ga tsadar mai. Sa'ad da Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ɗalibai 'yan kaɗan ne, sanin halin kowa ba shi da wuya. Daga can Ahmadu Bello ya fito ya koyar a midil ta Sakkwato a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a ta Bauci a 1933. Amma tun da aka soma shirin ba kowane yaro ilmin furamare kyauta a 1976, bukatar malamai ta yi yawa, har a 1989 aka kafa hukumar NCCE don ta daidaita ƙa'idodin kwalejojin horon malamai. Inda mutane suka yi yawa, dole a dogara ga takarda. Saboda haka ba zan roƙi abin da ya fi ƙarfin kowa ba. Abu uku kawai nake roƙo.

Na fari, mai dubawa ya rage minti biyar daga ƙarshen darasi, ya zaɓi yara uku da kansa daga bayan aji, ya tambaye su abin da aka koyar tun makon jiya, ya kuma buɗe littattafansu ya ga ko ana gyara musu aiki. Wannan ba ya cin ko kwabo, amma da an yi mini shi, da asirina ya tonu, da kuma na amfana.

Na biyu, shaidar hedimasta da ta malamin aji ta yi nauyi sosai a cikin maki. Su ne suke ganinmu kullum. Su suka san mai makara, da mai gudu gida tun ran Alhamis, da mai saurin ɗaukar bulala. Gani ya kori ji, wanda ya ga mutum wata biyu kuwa ya fi wanda ya gan shi rabin sa'a saninsa.

Na uku, kada mai dubawa ya tafi sai ya zauna da ɗalibi, ya gaya masa baki da baki inda ya yi daidai da inda ya kuskure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makin da ba a bayyana dalilinsa ba, sai dai ya sa wani girman kai, wani kuma baƙin ciki, ba wanda ya ƙaru.

Mu kuma 'yan'uwa, mu ji tsoron Allah. In muka shirya wasan kwaikwayo muka ruɗi mai dubawa, yaran talakawa muka cuta, waɗanda iyayensu suka hana kansu taimakonsu a gona da kiwo suka aiko mana. Wanda ya karɓi shaidar malanta zai tsaya gaban aji shekara talatin ko fi, ba mai dubawa a bayansa. Ni dai na yi wa kaina alkawari, duk ranar da aka sake zuwa duba ni, darasin da ya zo kan layi shi zan koyar, kuma daga bayan aji zan fara tambaya, ko da makina zai ragu.

Allah ya ba malamanmu haƙurin gyara mu, mu kuma ya ba mu kunnen ji. Haza wasalam.

Daga wani ɗalibin ajin ƙarshe.