Ba Kowace Faɗuwar Gaba Ce Ta Tsoro Ba

Mutanen Batsari da Safana, musamman mazauna ƙauyukan gefen dajin Rugu, sun shafe shekaru suna kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga. Shi ya sa idan mutum ya ce zuciyarsa na dukan uku-uku, gumi na keto masa, kansa kamar zai tsage, sai a ce masa firgita ce, ko kuma iska. Sau da yawa firgitar ce kuwa. Amma a ganina kuskure ne a yanke hukunci tun ba a auna jinin mai wannan kuka ba.

A saman kowace ƙoda akwai ɗan ƙaramin nama da likitoci ke kira adirinal. Shi ke fitar da sinadarin adiranalin, wanda ke sa zuciya gudu da jini hawa idan mutum ya ga haɗari. Wani lokaci ƙari kan tsiro a cikin wannan nama, ya riƙa kwararo sinadarin ba tare da wani abin tsoro ba. Sai ciwon ya zo kamar farmaki: ciwon kai, gumi, bugun zuciya, jini ya hau sama, can kuma ya lafa.

Idan jiki ya gama aiki da adiranalin, yakan farfasa shi, ragowar ta fita ta fitsari. Daga cikin ragowar akwai metanefirin, sai kuma na ƙarshe mai suna VMA. Yawansu fiye da ƙima shi ne sawun da ƙarin ke bari. An daɗe ana auna VMA, amma a yau awon metanefirin ya fi kama cutar. A wajen yara kuwa, VMA na taimakawa wajen gano wani ciwon daji da kan kumbura ciki.

Tarin fitsarin na da ƙa'ida. A zubar da na farkon safiya, sannan a tara duk wanda ya biyo baya har awa 24 a cikin mazubin da asibiti ya bayar, a ajiye shi wuri mai sanyi. Likita kan hana goro, shayi, kofi, ayaba da cakulan na 'yan kwanaki, domin suna iya gurɓata sakamako. A kuma nuna masa duk maganin da ake sha.

Wani zai ce cutar ba ta da yawa, hanya ba tsaro, kuɗi ba su wadata ba. Gaskiya ne: ba ta kai mutum 1 cikin 100 na masu hawan jini ba, kuma ba kowa ke buƙatar awon ba. Amma matashi mai hawan jini, da wanda magani kala uku ya kasa saukar masa da jini, da mai irin wannan farmaki, sun cancanci a tura su daga asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Aminu Kano. Wannan hawan jini ne da tiyata ke iya warkarwa, alhali barinsa na iya jawo shanyewar ɓarin jiki, ko ajali a ɗakin haihuwa.

Ku kula da abu ɗaya: kada a sayi maganin rage bugun zuciya irin Propranolol a kemis ba da izinin likita ba, domin ga mai wannan ƙari yana iya ƙara hawan jinin. Idan farmakin ya zo, a yi ƙoƙari a auna jini a lokacin, a rubuta lambar, a kai wa likita. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.