Hannun Wa Ke Tabbatar da Fili a Darmanawa?

Darmanawa da Gyadi-Gyadi, a ƙasar Tarauni, dā gonaki ne a bayan gari. Yau birnin Kano ya haɗiye su, fuloti ya yi tsada, ciniki da haya da jingina sun yawaita. Mutum ya biya kuɗi, mai unguwa ya buga hatimi, shaidu su sa hannu, sai ya ɗauka magana ta ƙare. To, a wajen doka ba ta ƙare ba.

Tun 1910 Turawa suka sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin 'yan ƙasa. Dokar 1962 ta mai da ikon ga Minista, En'e kuwa tana lura da filayen gargajiya ta hannun hakimi da dagaci. Da aka kafa ƙananan hukumomi a 1976 En'e ta kau. Sa'an nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birni a wuyan Gwamnan jiha shi kaɗai, ta bar wa ƙaramar hukuma na karkara. Sashe na 22 ya ce mai satifiket ba shi da ikon sayarwa, ko jingina, ko ba da haya mai tsawo sai da yardar Gwamna. A 1989, cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina don rashin wannan yarda, bankin ya tashi a tutar babu. Hatimin mai unguwa shaida ne kurum cewa an yi ciniki.

Amma abin da ya fi damunmu shi ne, sa hannun Gwamnan ma bai zama garkuwa ba. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ba 'yan kasuwa filaye a Masallacin Idi, ta kuma ƙulla yarjejeniya da 'yan kwangila a kan Otal ɗin Daula. A Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Abba Kabir Yusuf, aka rushe gine-ginen, aka ce filayen jama'a ne aka ba da su ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan Idi suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su Naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Kuɗin diyyar kuwa daga baitulmali ne, watau aljihun talaka.

Mu dai a ganinmu ikon ya taru a hannu guda fiye da kima. Dokar 1978 ta tanadi kwamitin rabon filaye, amma shawara kawai yake bayarwa, kuma Gwamna ne ke naɗa shi. Ya kamata duk hayar filin gwamnati da kwangilar da ke tare da ita a buga su a Gazet, da sunan wanda aka ba, da kuɗin, da shekarun, kuma Majalisar Dokoki ta gani tun ba a aza tubali ba.