Akokan: Karkarwar Zuciya Ba Ciwon Asibiti Guda Ba Ce

Ranar 31 ga watan Maris na shekarar 2021 kamfanin COMINAK ya dakatar da haƙar uraniyom a ramin Akuta, bayan shekaru 43 yana fid da ƙarfen. Garin Akokan, mai nisan kilomita kamar 6 daga Arlit, wannan kamfani ne ya gina shi, ya sa masa ruwa da wuta, ya buɗe masa asibiti. Shirin rufe ramin ya tanadi a miƙa asibitin ga gwamnati. Cikin watan Yuni na 2025 kuma gwamnati ta mai da kamfanin SOMAIR na Arlit mallakar ƙasa, shi ma kuwa yana da nasa asibitin. Ga kuma asibitin gundumar Arlit, wanda tun asali na hukuma ne. Watau ragamar kiwon lafiya a garuruwan uraniyom, wadda a da take rabe tsakanin kamfanoni da hukuma, tana taruwa a hannu guda. Wannan sauyi ya buɗe hanyar haɗa kan asibitocin, kuma akwai ciwo guda da zai nuna ko an haɗa kan da gaske: shi ne karkarwar zuciya, wadda lokotoro ke rubutawa fibrillation auriculaire da Faransanci.

Mene ne wannan ciwo?

Zuciyar ɗan Adam ɗaki 4 gare ta, 2 a sama, 2 a ƙasa. In tana lafiya, ɗakunan sama su tura jini ga na ƙasa, na ƙasa su harba shi cikin jiki, sau 60 zuwa 100 a minti, bi da bi kamar luguden mata biyu a turmi guda. In ciwon ya kama, sai ɗakunan sama su bar matsawa, su shiga karkarwa, bugun zuciya ya rasa tsari. Wani ya ji faɗuwar gaba da haki da kasala, wani kuwa ba ya jin kome.

Haɗarin yana cikin jinin da ke kwantawa a ɗakin sama. Jinin da ya kwanta yakan daskare ya zama guda, gudan ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa. Daga nan sai shanyewar ɓarin jiki, ko ɗaukewar magana, ko ajali. Mai wannan ciwo ya fi wanda ba shi da shi haɗarin shanyewar jiki wajen ninki 5. Manyan abubuwan da ke jawo shi su ne tsufa da hawan jini, sai ciwon sukari da ƙiba da shan giya. A ƙasashen Afirka yakan kama matasa ma, waɗanda ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun ƙuruciya ya lalata musu ƙyamaren zuciya.

Dalilin da ya shafi Akokan

In ana zancen lafiya a Arlit da Akokan, hankali ya fi karkata ga ƙurar ma'adini da cututtukan huhu, kuma hakan daidai ne. Amma samarin da suka shiga rami a 1978 yau dattawa ne, sun kai shekarun da zuciya ke gajiya. Da dama sun koma Maraɗi da Damagaram da Tawa bayan barin aiki, dosiyensu na lafiya kuwa yana inda aka buɗe shi. Tallafin magani da kamfani ke bai wa ma'aikacin da ya sallama yana da wa'adi, alhali wannan ciwo abokin zama ne har ƙarshen rai.

Sai kuma nisa. Daga Arlit zuwa Agadas kilomita kamar 240 ne, zuwa Yamai kuwa wajen 1200, bisa hanyar da shekaru da manyan motoci suka ci ƙarfinta. Ƙwararrun lokotoron zuciya kaɗan ne a ƙasar, galibinsu kuma a Yamai suke. Maganin da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa yana aiki ne cikin awa 4 da rabi daga farawar shanyewa, bayan an ɗauki hoton kai da sikana. Mutumin Akokan da wuya ya cim ma wannan wa'adi. Sabili da haka abin dogaronsa shi ne rigakafi, watau a gano ciwon tun guda bai ɓalle ba.

Abin da magani ke bukata

Gano ciwon ba shi da tsada. Anfirme ya dafa jijiyar wuyan hannu minti guda. In bugun ba shi da tsari, a sa wa mutum na'urar ECG mai zana bugun zuciya bisa takarda. Wahalar tana wajen bin magani. Magungunan hana jini daskarewa, irin su Sintrom da warfarin, suna rage shanyewar jiki da wajen kashi 2 cikin 3. Amma awon su siriri ne: in ya gaza, jini ya daskare; in ya zarce, jini ya tsinke ya zuba. Shi ya sa ake auna jinin mai shan su aƙalla sau ɗaya a wata, awon da ake kira INR, wanda ga galibin marasa lafiya ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3.

Akwai sababbin magunguna da ba su bukatar wannan awo, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa su cikin jerin muhimman magunguna a 2019, sai dai sun fi tsada. Ban da haka, binciken INVICTUS da aka bayyana a 2022, bisa mutane fiye da 4500 a ƙasashe 24, ya nuna cewa ga waɗanda ƙyamaren zuciyarsu suka lalace tun ƙuruciya, tsohon magani ya fi sabon kiyaye rai. Ke nan sai an leƙa zuciya da ekografi kafin a zaɓi magani. Aikin ya ƙunshi anfirme da ɗakin awon jini da farmasi da ƙwararren lokotoro, ba kuwa kullum ake samunsu ƙarƙashin rufi guda ba. In mara lafiya ya bar wannan asibiti ya shiga wancan ba tare da takarda ba, sai a sake awo, ko a canza magani bisa rashin sani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda za a raba aiki

Na farko, karne guda. Kowane mai wannan ciwo ya riƙe karnen da ke ɗauke da sunan maganinsa da awon jininsa na ƙarshe, wanda asibitocin Akokan da Arlit da Agadas za su karɓa, su cika. Hukumar OSRA, wadda aka kafa a 2011 domin bin lafiyar tsoffin ma'aikatan ma'adini na jihar Agadas, ta tara bayanai masu amfani. Ya kamata dosiye ya bi mai shi duk inda ya koma, bisa yardarsa, tare da kiyaye sirrin likita.

Na biyu, takarda ta yi tafiya, mara lafiya ya zauna gida. Hoton ECG yana isa Yamai ta waya cikin minti guda. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce: tsarin RAFT na duba marasa lafiya daga nesa ya soma a Mali a 2001 tare da asibitocin jami'ar Janeba, ya kuma bazu har Nijar. Abin da ake bukata shi ne yarjejeniya rubutacciya da Babban Asibitin Ƙwararru na Yamai, wanda aka buɗe a 2016, ko asibitin ƙasa na Damagaram, mai faɗin wanda zai karanta hoton da ranar da amsa za ta dawo.

Na uku, ɗakin awo guda ya ɗauki nauyin INR na garuruwan biyu, a tsai da ranarsa cikin mako, kowa ya san ta. Na huɗu, asibitocin su haɗa odar magani wajen ofishin ONPPC, domin yankewar magani na mako guda kan rushe kiyayewar shekara.

Wani zai ce ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ba ta da sararin wannan hidima. Amsa ita ce, babu sabon gini cikin waɗannan matakai huɗu, kuma jinyar magidanci guda da jikinsa ya shanye ta fi kuɗin karne da awon wata-wata nesa ba kusa ba, ban da iyalin da ke rasa mai ciyar da su.

Nauyi yana wuyan Ma'aikatar Kiwon Lafiya da shugabannin asibitocin jihar Agadas su zauna su rattaba hannu. Jama'a ma suna da nasu rabo: duk wanda ya haura shekara 60, ko mai hawan jini, ya roƙi a dafa masa jijiya in ya je awon tansiyo, wanda aka ɗora bisa magani kuma kada ya bar shi, kada ya haɗa shi da wani, sai da izinin lokotoro.